Ingilishin da Na Koya Don Tsokanar Takwaranka

Zuwa ga maigidana Malam, wanda duk Damagaram ta sani da Ticha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci mace ga mijinta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji, makwanci a yalwace, haske ta ko'ina. In ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai gwiwa, ita kuwa ka san ta tun kana nan. Gidan yana tsaye. Darbejiyar da ka dasa ta wuce katanga. Ruwan famfo ma yana nan yadda ka bar shi, sai ranar da ya ga dama yake zuwa.

Na san ba a kai wasiƙa inda kake. Shi ya sa na ce a ɗora ta a waya inda kowa zai gani, in ba ta iske ka ba ta iske tsofaffin ɗalibanka na kwaleji, waɗanda har yau in suka hango ni a Kasuwar Dole sai sun ce mini good morning, ko da la'asar ce sakaliya. Masu leƙe ku leƙa, ban hana ku ba, amma da mijina nake magana.

Malam, gyara zama. Na koyi Ingilishi.

Na san abin da za ka ce. Tsawon zamanmu kana bina da yaren nan kamar mai tallan magani, ina kaucewa. Ka dawo daga kwaleji alli har gira, ka baje takardun yara a tabarma, kana bin su da jan bik, biron nan naka na gyara, kana gunaguni: give up, give in, give away. Farkon aurenmu na zaci wani wuridi ne malaminka ya ba ka, har nakan rage motsi don kada in katse maka. Kakan ce mini, “Madam, wanda ya haddace manyan kalmomin Ingilishi ƙofar gidan kawai ya sani. 'Yan ƙananan nan, up da off da in da out, su ne tsakar gida.” Ni kuma in ce maka tawa tsakar gidan ta ishe ni, ga ta nan ba a share ba.

Ba na manta ruwan farko na wata shekara da aka sha wuya, an fita roƙon ruwa har an gaji. Ruwa ya sauko, mata suna fito da bokitai, yara suna tsalle a lungu, kai kuma ka tsaya bakin ƙofa hannu a baya ka ce, “It is raining cats and dogs.” Na tambaye ka ma'ana, ka ce haka mutanen Ingila ke faɗi in ruwa ya yi ƙarfi, wai kyanwoyi da karnuka ake zubowa. Na ce maka masu kiran rahamar Allah kare ba su taɓa tsayawa jiran ɗan ga-ruwa ba. Ka yi dariya ka ce ba a auna karin magana da mudu, mu ma da muke cewa cikin wane ya ɗuri ruwa, ai ba randa ya haɗiya ba.

Kada ka zaci na rubuto ne in ce na yi nadama. Har gobe ina nan kan bakana. Mutanen da in abu ya yi sauƙi sai su ce piece of cake, wai yankin gato, kek ɗin nan na Turawa, a ganina ba su taɓa tsayawa kan gawayi sun gasa shi ba, ci kawai suka iya. Ni da na ƙare rayuwata ina yin alkaki ina sayarwa na san ba abin zaƙin da ke zuwa a sauƙaƙe. Wuya ce ta kai ni ga yaren naka, ba sha'awa ba.

Ga yadda aka yi. Ka san yaron nan naka na fari, wanda har gobe bakina ba ya iya kama sunansa. Bayan rasuwarka ya tafi Amurka, yana tuƙa babbar mota daga wannan gari zuwa wancan. Ya auri wata baƙar fata 'yar can, Jamila, musulma ce, ma'aikaciyar asibiti, yarinya mai hankali. Allah ya ba su ɗa namiji, suka sa masa sunanka. Ka ga an ɗaure mini baki ta gefe biyu: uban ba na kiran sunansa don ɗan fari ne, ɗan ba na kiran nasa don naka ne. Abba suke ce masa. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, Ingilishi zalla ya tashi da shi.

Yana ƙarami ba mu da matsala. A nuna mini shi a waya, in ɗaga hannu, ya lashi gilashin, a rabu lafiya. Da ya yi wayo ya shiga lekwal, makarantar boko, sai na ga lokaci ya yi da za mu buɗe wasanmu. Jika ne, kuma takwaranka, mijina ne ta kowace fuska. Wata Lahadi bayan la'asar, su can safiya ce, aka zaunar da shi gaban waya, ya yi wanka ya sha mai. Na kalle shi na ce, “Kai maigidan banza, miji ba cefane ba sabulu. Dubi kunnuwa kamar faifai, kai kamar tulun Mirriya. Ni na gaji da wannan aure, wani zan nema.”

Duk kakar da ke garin nan takan faɗi wanda ya fi wannan kafin ta karya kumallo. Amma ɗanka, Allah ya shirye shi, sai ya juya wa yaron maganar kalma bayan kalma, tsakani da Allah, ko faifan bai rage ba, ka ce tafinta ne a gaban alƙali. Ina kallo fuskar yaron ta canja. Ya kai hannu biyu ya rufe kunnuwansa, ya sauka daga kujera. Na jiyo muryar Jamila daga can ciki, ban gane abin da ta ce ba amma na ji zafinsa. Aka kashe wayar.

Daga ranar ya daina zuwa gaban waya. In an kira ni sai a ce yana wanka. Yaro ɗaya, da an ce ga Kaka sai wanka. Daga baya na ji ya sa an saya masa hula mai rufe kunne, da ita yake zuwa lekwal har cikin zafi. Wannan ta soke ni, Malam. Na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Ɗanka ya ce, “Hajiya, a can ba a yi wa yara haka. Ki riƙa ce masa good boy, ki ce I love you.” Na tambayi ma'anar ta biyun, aka gaya mini. Maganar da ko kai, da duk zaman da muka yi, ban taɓa buɗe baki na gaya maka ba. Na dai runtse ido na faɗa. Aka jawo yaron, ya tsaya ƙiƙam ya ce, “Thank you, ma'am,” irin godiyar da ake yi wa mai allura bayan ta gama, ya juya ya tafi.

Sai ga labari za su zo bakans, hutun makaranta, da damina, 'yan makonni kawai. Ka san nisan wurin, ka san kuma shekaruna. Ban sa a raina za a yi zuwa na biyu ina numfashi ba. Na zauna na yi tunani. In yaron nan ya zo ya koma yana tsorona, na rasa jika ke nan ina ji ina gani. Kakar da jikanta ke yi wa ladabin baƙuwa, ai baƙuwar ce. Na ce duk laifin tafinta ne. In tsokanar ta fito daga bakina da harshensa, zai gane wasa ne.

Ka tuna Hajiya Bilki, Bakanuwar nan mai atamfa a Kasuwar Dole, da ke zaune bayan gidanmu? Wadda kuke musu da ita, kana cewa Ingilishinta na kasuwa ne, tana cewa naka na littafi ne, ko tumatir ba zai sayo ba? Rumfarta na tafi. Na faɗi abin da ya kawo ni, ta ajiye almakashi ta dube ni sama da ƙasa.

“Yau Damagaram ce ta zo Kano neman ilimi?”

“Kakanninmu ma sun sha zuwa Kano a kan dawakin yaƙi,” na ce mata, “ba su dai yi sallama ba.”

Ta yi dariya har da share hawaye, ta jawo mini kujera. Ita ce ma ta gyara mini rubutun Ingilishin da ke cikin takardar nan, kada ka zaci na waye har haka.

Abin da na fara tambaya, ko masu Ingilishi sun san tsokana. Ta ce sun sani, har suna da yadda suke faɗinta: in mutum yana tsokanarka sai ya ce I am pulling your leg, wato ƙafarka yake ja. Na ce ashe dai mutane ne irinmu, ko da yake ban ga abin da ƙafa ta yi musu ba. Na sa ta maimaita mini har na riƙe.

Daga nan muka shiga 'yan ƙananan naka. Malam, ashe gaskiya ka faɗa, ka ji kuwa na amsa yau, ba zan maimaita ba. Kalma ɗaya ce, look, wato duba. Ka liƙa mata after, ta zama kula da mutum. Ka liƙa for, ta zama nema. Look up to girmamawa ce, look down on raini ne. Na ce wa Hajiya Bilki wannan ai halin Kanawa ne, haja ɗaya a yi ta canja mata leda ana sayarwa. Ta ce in ci gaba da baki, za ta koya mini zagi ta ce gaisuwa ce.

Ta koya mini take after, wato yaro ya ɗauko kamannin wani nasa. He takes after his grandfather. Na riƙe wannan da kyau, domin kunnuwan nan naka ne, Malam, ni ban ƙirƙiro su ba. Ta koya mini put up with, haƙurin zama da mutum da halinsa. Na ce wannan na daɗe da iyawa, sunansa ne kawai ban sani ba. Da muka zo kan wuridin naka sai ta ce give up shi ne ka sare ka bar abu, give in kuma ka sauko ka bi ra'ayin wani. Na ce ta wuce wurin, ba sa cikin abin da zan yi amfani da shi.

Rago kuma, mai wuni a zaune gaban tele, couch potato suke ce masa, dankalin kujera. Wannan ta burge ni. A duk karin maganarsu ita kaɗai na ga za ta iya shiga Damagaram ba a yi mata dariya ba, ita kuwa na zaɓa wa maigidan nawa. Na yi ta gwada ta a kan akuyarmu safe da yamma har bakina ya saba. Akuyar ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba, sai na ɗauka na iya.

Suka iso wata Alhamis, motar Yamai ta gasa su a hanya. Na fito ƙofar gida in tarye su. Yaron ya sauko. Malam, kai ne sak, har tafiyar nan taka ta mai neman abin da ya yar. Yana ganina ya zube ƙasa ya durƙusa, kai a sunkuye, ya ce, “Ina wuni, Kaka,” da muryar wanda aka yi wa bita a jirgi. Maƙwabta suka yi ta sa albarka, wai ɗan Amurka ya fi 'ya'yan gida ladabi. Ni kuwa na gyara murya na sauke abin da na tanada: “Welcome, couch potato. I am pulling your leg.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Yes, ma'am,” ya tashi ya koma bayan uwarsa.

Na ce gajiya ce. Washegari na sake, na sa jan ƙafar a gaba, dankalin a baya. Yes, ma'am. Na gaya masa he takes after his grandfather, har na ɗauko hotonka don ya ga kunnuwan gado ne. Ya ce sorry. Me ya yi da zai ba ni haƙuri? Ranar kasuwar Mirriya muka tafi don Jamila ta ga gari, muka bi ta wajen masu tukwane. Na ga ya tsaya gaban tuluna yana kallo, sannan a hankali ya kai hannu ya shafa kansa. Uban ya kau da kai yana danne dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Kwanaki suna ta zubewa. Na yi masa alkaki, ya karɓa da hannu biyu ya ce thank you, ya kai wa uwarsa. In na shigo tsakar gida yana wasa, sai ya miƙe tsaye kamar sojan da ya ga komanda. Jamila tana gaishe ni da ladabi, amma idonta yana kaina duk lokacin da na doshi ɗanta, ban kuma ga laifinta ba. Ɗanka kuwa ka san tsakaninmu, daga ina kwana sai an gode. Ba zan zaunar da shi in ce masa yaronka ba ya so na ba. Ranar da aka fara zancen ɗaure kaya na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana. Ga Ingilishi cike da baki, ga jika a tsakar gida, amma ba abin da ya haɗa su.

Ana saura 'yan kwanaki su tafi, Hajiya Bilki ta leƙo da hantsi ta ga halin da ɗalibarta ke ciki, tare da jikanta Nura, sa'an Abba. Suna zama hadari ya taso, ruwa ya tsuge irin wanda kake yi wa sharri, muka taru duka a rumfa. Hajiya Bilki ta kwance bakin zane ta ɗauko goro. Kafin ta kai baki Nura ya fizge.

“Ke tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci? Kawo in taya ki.”

“Ba ni abina, mummuna. Miji ba ya kawowa sai ƙwacewa.”

“Ai na sake ki tun bara, ke ce kika ƙi tafiya.”

Ta rarumi mafici ta bi shi, yana zagaya turmi tana haki, su duka suna dariya. Ni ko kallo ba su ishe ni ba, wannan a kowane gida ake yi. Amma Abba ya saki baki. Ya ja hannun uwarsa yana tambaya, ita kuma ta tambayi Hajiya Bilki, wadda ta zauna tana nishi ta juya musu duka, nata da na Nura. Yaron ya dubi Nura, ya dube ni, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, “He's allowed to talk back?”

Na ce a gaya mini. Hajiya Bilki ta ce talk back shi ne yaro ya mayar wa babba magana. Tambaya yake, wai an yarda Nura ya rama?

Nan zance ya fito. Ashe tun yaron yana koyon magana ubansa yake yi masa huɗuba: a Damagaram yaro ba ya mayar wa babba magana, ko me aka ce maka ka sunkuyar da kai ka ce to. Kafin su taso ma sai da ya sake ja masa kunne. Shi kuwa bawan Allah ya riƙe amana. A ganinsa dokar garin kakansa ke nan, tsohuwa ta zage ka, kai kuma ka haɗiye ka yi godiya. Ni ina ta gyaran Ingilishi, ashe dambe na kira yaro an ɗaure masa hannu a baya.

Ba wanda ya gaya masa kaka daban ce, domin mu nan ba a faɗa. Wa ya taɓa zaunar da Nura ya ce masa ga wadda za ka tsokana, ga wadda ba za ka tsokana ba? Tun yana goye yake gani. Ɗanka ma da ya sha wannan wasa da Iya mahaifiyarka, har ya taɓa ɓoye mata sanda ta wuni a ɗaki, bai taɓa tunanin abin koyarwa ne ba. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya.

Jamila ce ta ba ni mamaki. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta sa Hajiya Bilki ta gaya mini ita ma kakarta haka take, tana zaune a barandar gida tana laƙaba wa kowane jika suna, su kuma suna ramawa. Ita dai da ta ji ɓangare ɗaya a waya ne ta zaci wata muguwar tsohuwa ce ta sa mata ɗa a gaba. Na ce a gaya mata muguwar tana nan, amma ba a kan wannan yaron ba.

Na tattara duk abin da na koya, na kira shi. Ya zo ya durƙusa. Na ce, “Abba. Father, no talk back. Mother, no talk back. Me, Kaka, talk back. Every day.” Na san da kana nan da jan bik za ka bi maganar nan, amma ta isa inda aka aike ta. Ya waiga ya dubi ubansa, uban ya gyaɗa kai. Wannan karon ko yes ma'am ɗin ma yaron bai faɗa ba. Da ruwa ya ɗauke na ga sun fita lungu shi da Nura, suna haɗa guntun Ingilishin Nura da hannu suna fahimtar juna.

Washegari da safe ina zaune ina suyar alkaki, sai na ji ana kallona. Ya tsaya nesa, kusa da ƙofar zaure, ƙafa ɗaya a waje ko da ta ɓaci. Daga can ya ce, “Kaka, you are older than dirt.”

Ban gane ba, amma na san ƙamshin tsokana ko da wane harshe aka dafa ta. Na dubi Jamila. Ta ɗebo ƙasa a hannu ta nuna mini, ta nuna ni, ta ɗaga hannu sama. Wai na girmi ƙasa. Na cire takalmi na jefa masa, na auna gefe da gangan, na bi shi da couch potato. Ya ruga zaure yana ƙyaƙyatawa. Malam, ranar na fara jin dariyarsa. Ban san alkakin ya ƙone ba sai da maƙwabta suka yi magana ta katanga.

Daga nan gidan ya zama filin daga. Ya ɓoye mini takalmi a cikin turmi. Na ce masa dankali, ya sa ubansa ya gaya mini wai ina minshari har akuya ba ta samun barci, uban kuwa ya juya yana kallon ƙasa. In na matsa masa ya ce, “Cut it out, Kaka,” wai in bari. Ni ma na ƙwace kalmar ina mayar masa. Abin da na koya a bakinsa cikin kwanakin nan ya fi na rumfar Hajiya Bilki, ko da yake ta ce rabinsa kada in faɗa a gaban mutane. Hular nan mai rufe kunne kuwa, a kan Nura na ƙara ganinta.

Ranar tafiya gida ya cika. 'Yan'uwanka na Droum sun zo sallama da gyaɗa da ƙullin kuka, tsofaffi sun jeru a tabarma. Ana ta addu'a ana sa albarka, sai ga maigidan nawa ya fito tsakiya, Nura yana bayansa yana zungurinsa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya da Hausar da aka ɗora masa: “Kaka, yaushe za ki mutu mu sha gumba?”

Tsakar gida ta kaure da dariya. Ƙanwarka ta rangaɗa guɗa, ta ce sai yau yaron ya iso Damagaram. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa abin da zan rama da shi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Sai Jamila ta nemi a juya mata, Hajiya Bilki ta juya, yaron yana ji. Ashe bai san abin da ya faɗa ba. Nura ne ya ɗora masa, ya ce masa dai ita ce babbar tsokana, wadda ba a iya ramawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Idonsa ya kawo ruwa, yana girgiza kai yana cewa no, no. Na ce shi ke nan, a ranar ƙarshe wasan zai sake karya mana abin da muka ɗora.

Na jawo shi na zaunar a cinyata, gwiwar tana ƙara ban kula ta ba. Na ce wa Hajiya Bilki ta juya a hankali, kada ta ƙara na Kanawa. Na gaya masa in kaka ta rasu ana daka gero da sukari a yi gumbar sadaka, kuma rabon jikoki ne, ba mai hana su. Wanda yake da kaka shi ke da bakin neman gumba. Na ce masa kakansa namiji, mai sunansa, ya tafi ba jika ko ɗaya da ya taɓa tsayawa gabansa ya nema. Da aka daka gumbar 'ya'yan maƙwabta ne suka shanye. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, Malam, amma ta daɗe tana cina. Na ce tawa kuwa tana nan na ajiye masa, sai dai ba a aika ta a jirgi. Wanda yake so sai ya zo da ƙafarsa.

Ya share hanci da hannun riga, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, “Then hang in there, Kaka. I'm not hungry yet.”

Hajiya Bilki ta juya mini. Ta ce hang in there shi ne ki daure, ki riƙe da kyau kada ki saki. Sauran kuma, wai bai ji yunwa ba tukuna.

To ka ji, Malam. Tun da ka tafi, duk wanda ya tambaye ni nakan ce kayana a ɗaure suke, ranar da aka kira ni ba zan ce a jira ni ba. Ina kewarka, ga shi yau na faɗa a gaban mutane. Amma ina neman alfarma, ka ƙara haƙuri. Na soma shan maganin da likita ya ba ni wanda nake turawa ƙarƙashin katifa, na rage gishiri, jiya har awon tansiyo, na hawan jini, na je da ƙafata ba wanda ya roƙe ni. An ce in riƙe da kyau, kuma yaron bai ji yunwa ba. Rai na Allah ne, amma in da son raina ne, za ka daɗe kana jira.

Allah ya jiƙanka, ya kai ladan kowane yaro da ka koyar har makwancinka. Allah ya raya takwaranka, ya ba shi tsawon rai har ya ga nasa jikokin sun sa shi a gaba. Ya tsare iyayensa a ƙasar mutane. Ni kuma ya ara mini kwana gwargwadon yadda ya so, ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inuwa ɗaya in lokacin ya yi. Amin.

Taka a nan da can,
Rakiya matar Ticha,
unguwar Birni, Damagaram.